Kwalbatin da Na Kai Kan Tudu

Abubuwa da yawa sun zube mini daga ka, har jikokina sai na bi sunayensu ɗaya bayan ɗaya kafin in faɗa kan wanda nake kira. Amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a gaban ciyaman da kansilolinsa na tsine wa kaina da bakina ba, na kuma tilasta wa duk zauren ya ce amin. (Autata ce ke rubuta wannan, ni ko alif ban sani ba a takarda. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta yi mini kwalliya.)

Ƙauyenmu ƙarami ne, gona jingine da gona, in ka yi atishawa a taka maƙwabcinka zai amsa daga tasa. Tsakaninmu da babbar hanya akwai wani kwari. Da rani ko kaza tana tsallake shi. Da damina kuwa, in an yi ruwa mai ƙarfi, sai ya cika har ƙirjin namiji, ya yi rabin yini yana gurnani, babu mai shiga babu mai fita. Hanyar garin ta cikinsa ta bi, kuma daidai nan gonar Malam take, kwarin ya ratsa gefenta.

Malam shi ne mijina. Ban taɓa faɗin sunansa ba yana raye, ba kuwa yanzu zan fara ba. Shekara da shekaru ya yi yana hawa kekensa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, da takarda a naɗe cikin hula, yana roƙon a sa mana kwalbati a kwarin nan. In ya dawo na ba shi ruwa na ce, "Malam, yaya?" sai ya ce, "Sun ce yana cikin fayil." Ni kuwa duk zatona fayil wani babban ɗaki ne da hukuma ke jera kwalbatoci a ciki, kowane gari da nasa, makullin ne dai ya ɓace.

Wata damina ciwon ciki ya kama shi. Aka aika aka samo mota, kafin ta iso ruwa ya sauko. Motar ta tsaya a wancan gefen, mu muna wannan gefen da Malam a kwance cikin amalanke. Muna kallon direba, direba na kallonmu. Tun hantsi muke nan. Ruwan bai janye ba sai bayan la'asar, Malam kuwa bai jira la'asar ba. Kansa na kan cinyata ya cika. Har yau in hadari ya haɗo ta gabas sai in ji nauyin kan nan a cinyata. (Ki dakata in share hancina. To, ci gaba.)

Shekarun kuma ba na wasa ba ne. Lokacin ne aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, mu da ko aljihun ba mu da shi. Rumbuna sun zama ɗakin gizo-gizo, sabulu sai a yanka shi kamar nama. Mazan garin duk wanda ke da ƙafa ya tafi cin rani, har ɗana, wasu ma damina ta zo ba su dawo ba. Da na fita takaba sai na ga in ban je gona da kaina ba babu mai zuwa. Ga ni kuwa na kusa shekara talatin a kulle. Na san tsakar gida lungu da saƙo, amma abin da ake yi a waje, ɗan akuya ya fi ni sani.

Malam yana da ƙane, Sale, gonarsa na can sama kan tudu, bakin burtali. Ranar da aka raba gado ya ce da ni, "Matar Yaya, gefen kwarin nan ki bar mini in riƙa kula da shi, ba wurin mace ba ne." Na ɗauki maganar na ɗaure ta a bakin zane. Na ce a raina, wato ƙasar kabarin yayanka ba ta bushe ba har ka fara auna gonarsa da ido.

To wata ranar kasuwa, da rani, gari babu kowa, na je gona in kwaso kara. Ina isa bakin kwarin sai na ga turaku huɗu a kafe, biyu a wannan gaɓa, biyu a waccan. Ba irin turken akuya ba. An fere su sumul, kawunansu ja wur kamar an tsoma a jini, an ɗaura wa kowanne jan tsumma, ga kuma wani rubutu a jikinsu wanda ba na allo ba. Iska na kaɗa tsumman. Na zubar da karan na ruga gidan Tabawa.

Tabawa mai daddawa ce, ta girme ni, ta binne maza biyu, kuma babu abin da za ka tambaye ta a duniyar nan ta ce ba ta sani ba. Na faɗa mata abin da na gani. Ta ajiye ludayi ta ce, "Guda nawa?"

Na ce, "Huɗu."

"Da jan ƙyalle?"

"Da jan ƙyalle, Yaya Tabawa."

Ta girgiza kai ta ce, "An gama da ke, 'yar nan. Wannan na raba mutum da gona ne. Wa ya taɓa yi miki maganar wurin?"

Na ce, "Sale."

Ta ce, "To me kike tambayata?"

Nan ta ba ni ilimin abin. Kada in ƙona su, in na ƙona na shaƙi hayaƙin. Kada in jefar, duk wanda ya tsinta alhakinsa na kaina. Maganinsa ɗaya ne, a mayar wa mai shi kayansa, a kafa a gonarsa daidai yadda aka same su, kada a rage ko faɗin yatsa, in an rage abin sai ya rasa hanya ya dawo. Da hannun hagu za a tuge, ba magana, ba waiwaye. Ramukan kuma a cika su da toka a toshe da tsingaro, don kada ya sami ƙofar komawa.

Wallahi tunda uwata ta haife ni ban taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Na ɗauko igiyar gugana da tsakar rana, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Na auna daga turke zuwa turke na yi ƙulli. Na auna kusurwa zuwa kusurwa na yi ƙulli. Na lura da inda rubutun kowanne ke fuskanta. Na tuge su da hagu, na zuba toka, na danna tsingaro. Sannan na naɗe su a zane kamar jariri na hau tudu, na kafa su a cikin rogon Sale, bakin burtali, ƙulli bisa ƙulli. Na dawo gida ban waiwaya ba, har na yi tuntuɓe sau biyu don tsabar ƙin kallon gefe.

Ba a yi wata guda ba sai ga tifa ta shigo gari, ɗauke da yashi da siminti da wasu manyan bututun kankare guda uku, kowanne mutum zai shige shi a durƙushe. Gari ya ɗauka, kwalbati ya zo! Na zauna a tsakar gida na yi kuka, na ce Malam, ga shi ya zo ba ka nan. Sai kuma labari ya canza. Tifar ta sauka kwarin, ta haye, ta wuce shi, ta yi ta nishi har kan tudu, ta juye kayanta a cikin rogon Sale.

Mai unguwa ya ja sandarsa ya hau ya same su. Ma'aikatan baƙi ne, daga nesa ɗan kwangila ya kwaso su. Ya ce da shugabansu, "Bayin Allah, ai kwarin yana can ƙasa."

Ya ce, "Baba, mu turaku aka ce mu bi. Ga turaku."

"Amma nan ruwa ba ya bi."

"Baba, ruwa ba ya cikin takardarmu."

Mai unguwa ya sauko ya ce wa mutane a yi haƙuri, aikin hukuma ba a yi masa tambaya, wataƙila akwai abin da suka hango. Sale kuwa har birgima ya kusa yi a kan rogonsa, aka ce ya je ya rubuto takarda. Suka haƙa rami a busasshen tudu, suka jera bututun, suka gina masa bango biyu masu kyau, suka shafa farar ƙasa, suka tafi.

Da yamma Tabawa ta leƙo gidana tana rangaji ta ce, "Kin gani? Ya so a raba ki da gona, ga shi hukuma da kanta ta zo ta zauna a tasa." Muka tafa. Har daddawa ta ba ni kyauta.

A nan ne nake so mai karatu ya yi mini adalci, ko da yake ni ban yi wa kaina ba. Na riƙe magana biyu a kaina lokaci guda. Ta ɗaya, asirin Sale ya koma kansa, alhamdu lillahi. Ta biyu, wani azzalumi a sakatariya ya ɗauke kwalbatin da Malam ya mutu yana nema ya kai shi inda ba ruwa. Maganganun nan biyu suka zauna a kaina wata da watanni kamar maƙwabtan da ba sa ga maciji, ko sau ɗaya ba su haɗu a bakin rijiya ba. Da safe in yi murna da ta farko, da yamma in yi kuka da ta biyu.

Ruwan farko ya sauka, kwari ya cika ya tare hanya kamar kullum. Kwalbati kuwa yana can sama fes, awaki sun shige ciki sun fake. Abin ya ishi mutane. Kansilanmu ya yi ta kai da kawo har aka yarda a saurari mutanen garin a zaman majalisa. Aka ce wa zai yi magana? Kowa ya ce matar marigayi, ita abin ya fi ci. Na ce ko ba a zaɓe ni ba zan je. Muka hau a-kori-kura, ni da Tabawa 'yar rakiya, da mai unguwa, da Sale da takardar rogonsa. Duk hanya ban dube shi ba.

Ban taɓa shiga ɗaki mai girman zauren nan ba. Dogon tebur, ciyaman a can kai da babbar riga, kansiloli a jere, sakatare da tulin takardu. Masinja ya shimfiɗa mana tabarma a baya ya ce maganarmu ce ta bakwai, mu yi shiru har a zo kanta.

Ashe haka ake mulki. Magana ta farko, rufin rumfar mahauta da iska ta yaye, aka yi ta gardama ko laifin iska ne ko na kafinta, aka ce a kafa kwamiti. Ta biyu, motar kwasar shara mai taya uku, ko a nemo mata ta huɗu ko a cire ta gireda mai gyaran hanya a sa mata, tunda giredar ma ba ta tashi. Ta uku, jakunan da ke kwana a filin makaranta. Wani kansila ya ce a kama su, wani ya ce a kama masu su, wani tsoho mai jan gemu ya ce a bar su, su kaɗai ne ke zuwa makarantar kullum ba fashi. Ta huɗu agogon bangon zauren ne da kansa, wanda ya tsaya tun bara. Aka yi ta magana a kansa har ba wanda ya san tsawon lokacin da aka ɓata, tunda ba agogo. Ta biyar da ta shida na yi gyangyaɗi.

Sai na ji an ce, "Ta bakwai, kwalbatin da aka gina a kan tudu." Kansilanmu ya yafuto ni. Na tashi na gyara mayafi.

Ban san daga ina maganar ta zo mini ba. Na ba su labarin keken Malam da takardar cikin hula. Na ba su labarin amalanke da direban da muka yini muna kallon juna. Zauren ya yi tsit, na ga masinja yana goge ido da hularsa. Da na ga haka sai kaina ya ƙara girma. Na ɗaga hannu sama na ce, "Duk wanda ya ɗauke kwalbatin nan daga kwari ya kai shi tudu, ko wane ne, ko ɗan wane ne, Allah ya tona masa asiri a bainar jama'a! Allah ya sa ya rasa inda zai sa fuskarsa! Yau, ba gobe ba!"

Zaure ya ɗauka, "Amin!"

Na lura ciyaman leɓe kawai ya motsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ji naka ba."

Ya ce, "Amin, Inna, amin."

Na koma tabarma na zauna kamar wadda ta ci yaƙi. Tabawa ta raɗa mini, "Kin gama da su."

Aka shiga neman mafita. Wani ya ce a karkato da hanya ta bi ta kan kwalbatin. Aka ce to kwarin fa? Ya ce wannan sai a sa shi a zama na gaba. Wani ya ce a haƙa wa ruwan hanya ya hau tudu ya bi ta ciki. Tsoho mai jan gemu ya ce in an rubuta wa ruwan takarda shi zai kai masa da hannunsa. Sakatare ya ce shi a wurinsa ba matsala, takarda ta ce a gina kwalbati a garin kaza, kuma akwai kwalbati a garin kaza, aiki ya kammala.

Ciyaman ya buga tebur ya ce a kira safiyo, wato mai awon da ya fitar da wurin. Aka shigo da wani siririn mutum, rigarsa ta sha wanki har ta gaji, da jaka a rataye. Ya rantse da Allah shi a bakin kwari ya yi awonsa, ranar kasuwa ce ma, bai tarar da kowa ba. Ciyaman ya ce a duba zanen da ke fayil. (A ranar na ga fayil da idona. Ashe ɗan kwali ne. Na ji haushin shekarun da na yi ina girmama shi.) Sakatare ya buɗe, sai ƙasa ta zubo. Gara ta cinye zanen tas, ba ta bar komai ba sai sa hannun ciyaman.

Ciyaman ya ce, "Tun kafin gara ta ci zanen an je an auna aikin kan tudu, ya yi daidai da awonka, ko yatsa bai kauce ba. Wa zai iya wannan in ba kai ba? Aljani?" Ya ce a rubuta an dakatar da shi daga aiki.

Bawan Allah ya cire hula ya ce yana da iyali, a shekarun nan in an kore shi ina za shi. Ya zura hannu a jaka ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi da hannuna na kafa su, guda huɗu, irin wannan." Ya zaro turke. Fereren turke, kai ja wur, da jan tsumma.

Mai hankali a nan zai gane. Mai rabin hankali zai yi shiru. Ni kuwa sai na miƙe zumbur na ce, "La'ilaha illallahu! Ashe kai Sale ya ɗauko!"

Tabawa ta kama bakin zanena tana ja. Na fizge.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku riƙe shi da kyau, ba awo kaɗai yake yi ba, har asiri yana yi wa mutane! Irin waɗannan guda huɗu ya binne mini a gonar marayu don a raba ni da ita. To ta Allah ba taku ba! Ni nan da kuke gani na tuge su da hannun hagu, na auna da igiyar gugana, na mayar wa mai su, ban rage ko faɗin yatsa ba!"

Na dubi jama'a ina jiran kabbara. Ba wanda ya motsa. Fankar sama kaɗai ke ƙara.

Safiyo ya matso a hankali, kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi, ya ce, "Inna, da kika tuge su, ina kika kai su?"

Na ce, "Gonar mai su mana. Kan tudu, bakin burtali, cikin ro..."

A nan maƙwabtan nan biyu da ke kaina suka haɗu a bakin rijiya. Na ji haɗuwarsu har cikin haƙorana. Bakina ya tsaya a buɗe, ragowar rogon ba ta fito ba har yau.

Ba zan iya faɗin tsawon shirun ba, agogo ba ya aiki. Sakatare ne ya fara magana, ya ɗaga alƙalami ya ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta?"

Sai tsoho mai jan gemu ya gyara zama ya ce, "Jama'a, na yi shekara saba'in ina jin addu'a, ban taɓa ganin wadda aka karɓa da wuri irin wannan ba. Inna, don Allah kafin ki tafi ki sa gwiwata a ciki, ta dame ni."

Zaure ya fashe. Wani kansila har ƙarƙashin tebur. Masinjan da ya yi mini kuka ɗazu ya dafa bango yana shessheƙa. Ciyaman ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Na juya in nemi Tabawa, sai na gan ta can ƙarshen tabarma ta ba ni baya, tana ce wa mai unguwa, "Ni fa rakiya kawai na zo."

Dariyar ba ita ta kashe ni ba. Sale ne. Shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya taso da takardar rogonsa a hannu ya tsaya a gabana ya ce, "Matar Yaya, ni? Ni da na turo amalanken?" Ya ce, "Gaɓar kwarin nan zaftarewa take yi duk shekara. Tsoro na ji kada ta rufta da ke, in rasa abin da zan ce wa Yaya."

Na durƙushe a wurin na ja mayafi na rufe kaina gaba ɗaya. Na roƙi ƙasa ta tsage, ƙasar kuwa siminti ce. Ina cikin mayafin na ji ciyaman ya ce an janye dakatar da safiyo, amma gaskiya ɗaya ce, babu sauran siminti, babu bututu, rabon garinmu ya riga ya fita, sai dai a jira wani lokaci. Na san ma'anar wani lokaci. Fayil ke nan. Abin da Malam ya ƙare ƙafafun kekensa a kai, Allah ya kawo shi har ƙofar gida, matarsa ta ɗauka da hannun hagu ta kai wa awaki. Kukan da na yi a cikin mayafin nan ba irin na ɗazu ba ne, wannan ba na jama'a ba ne.

Sai na ji an tsuguna kusa da ni. Safiyo ne, mutumin da na kira boka a gaban iyayen gidansa. Ya ce, "Inna, da igiyar guga kika ce?"

Na ce daga cikin mayafi, "Da ƙulli."

"Har kusurwa zuwa kusurwa?"

"Tabawa ta ce in an rage zai dawo."

Daga can aka ce, "Ni ban ce ba!"

Ya ce, "Igiyar tana nan? Za ki gane ramukan farko?"

Na ce igiya na rataye a ɗaka, tun ranar ban ƙara ja da ita ba. Ramuka kuwa kowanne da toka da tsingaro a bakinsa.

Ya miƙe ya ce wa ciyaman bututun ba su lalace ba, ana iya tone su. Tudu ne, gangarowa za su yi da kansu. In gari zai ba da hannu, shi zai tsaya a kan aikin, bango kuma a yi shi da dutse. Ba sai an sake awo ba, tunda zanen hukuma gara ta ci, na Inna kuwa yana nan. Kafin kowa ya yi magana Sale ya ce shi zai kira gayya, ko don a fitar masa da abin nan daga gona.

Aka amince. Sakatare ya tashi ya karanta abin da ya rubuta, wai majalisa ta yarda a sauko da kwalbati daga tudu zuwa kwari bisa awon matar marigayi, an kuma gargaɗe ta kada ta ƙara taɓa kayan hukuma, da hagu ko da dama. Aka wuce magana ta takwas, makullin banɗaki.

Ranar gayya duk wanda ya rage a garin ya fito, tsofaffi da mata da 'yan mazan da suka dawo. Ni na yi tuwon, da ɗan abin da ya rage mini a rumbu, Tabawa ta kawo daddawa. Bututu biyu suka gangaro lafiya da igiyoyi. Na ukun ya ƙwace, ya taho da gudu, gari duka na bin sa da salati, mai unguwa na ihu a tare shi, ba wanda ya ce shi ne zai tare. Ya ratsa gonaki uku ya zo ya kwanta a cikin kwarin, taku kaɗan daga inda ake son sa. Na tone tsingarona huɗu a gaban kowa. Na riƙe bakin igiya, safiyo ya riƙe ɗaya bakin yana cewa, "Injiniya, ja kaɗan." Sunan ya bi ni. Yau akwai matan aure a garin nan da ba su san ina da wani suna ba.

Da yamma na ɗauki tuwo na kai gidan Sale da kaina, na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma in na ƙara ganin wani abu a gona in taimaka in fara kai shi gonar mai unguwa. Har ya rasu bai daina tsokanata ba, ban kuwa taɓa ramawa ba. Bangon nan biyu suna can kan tudu har yanzu, suna gadin abin da babu. Baƙo in ya tambaya, sai a nuna masa gidana.

Ruwan da aka yi bayan an gama aikin, na fita cikinsa ban ko yafa buhu ba. Na tsaya a gefen gonar Malam. Kwari ya cika yana gurnaninsa, ya zo ya sunkuya ya shige ta ƙarƙashi. Can sai ga wata a-kori-kura ta taho, ta hau, ta wuce, direban ko rage gudu bai yi ba, bai san ya taka wani abu ba. Na ce, "Malam, ya fito daga fayil." Na daɗe a wurin. Da yake ruwa ake yi, ba wanda ya ga abin da fuskata ke yi.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka ga abin da ba ka gane ba, tambayi mutum biyu, kada ɗayansu ya zama Tabawa. In kuma za ka sa jama'a su ce amin, ka fara laluba jikinka tukuna. Tun daga ranar ban ƙara tsine wa kowa ba, ko akuya ta ci mini shanya sai dai in ce Allah ya shirye ta. Na riga na ga yadda tawa addu'ar ke da sauri, kuma ta san hanyar gidanmu.